Farin Ƙyalle a Gaɓar Sri Lanka

Ranar da bam ya tashi a coci ana tsakar addu'a,
masunta ba su tura kwale-kwale ruwa ba.
Gari ya yi tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke.

Da dare maza suka fito da duwatsu,
suna neman shagon baban Rizwan,
mai sayar da yadi a bakin kasuwar kifi.
Sai ga Dilrukshi zaune a ƙofar,
ƙurar cocin ba ta bar gashinta ba,
takalmin ƙanenta, ƙafa ɗaya, a cinyarta.

Ta ce, "Ku fara da ni."
Duwatsu suka yi nauyi a hannu.

Da asuba Rizwan ya ɗauko bandir na farin yadi,
irin wanda suke yi wa nasu likkafani.
Thevan ya kawo almakashi da igiyar taru.
Suka yayyanka, suka rataya
daga bishiyar kwakwa zuwa turken lantarki,
har titi ya yi fari fat.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, kai ma makoki kake?"
Ya buɗe baki, magana ta maƙale.
Dilrukshi ta miƙa masa igiya:
"Ɗaura. Akwai saura."