Mu Goma Sha Uku

A bayan masaƙar Kakuri muka fara,
da ƙwallo mai siffar gwanda
wadda Jatau tela ya ɗinke da zaren buhu.
'Yan kallonmu: mai rake da awaki biyu.

Aka ce, wane irin wasa ne wannan,
a jefa baya don a ci gaba?
Zari-ruga, muka ce. Aka kwashe da dariya.

Shekarar da injinan masaƙa suka yi shiru
muka ciwo kofi.
Cindo ya bar haƙorinsa a laka,
ya dawo yana murmushi da giɓi.

Yau kofin yana shagon Jatau,
cike da maɓallai.
In damina ta sauka, kafaɗata takan tuna
kowace faɗuwa,
da hannun da ya ɗaga ni.