Kalmar da Na Nemo wa Magiya

Daren Laraba suka yi sallama, su bakwai,
da tocila ɗaya da goro a leda.
Tsalha mai kwalekwale ya gyara murya:
"Malam, kai ka iya bakin ofis.
Rubuta musu, kacalla ta shaƙe hanya,
ruwa ya kwana a shinkafarmu wata biyu.
Su aiko injin yankan ciyawa.
Kuma kada ka sa roƙo,
roƙo na mai neman cikon kuɗin mota ne.
Ka sa magiya."

Na jawo ƙamus ɗin da gara ta ci wa gefe,
na bi layi da yatsa
har sauron Auyo ya ƙoshi ya bar ni.
Can a lungu na tarar da ita, gaɓa huɗu,
kalmar da Baturen da ya haife ta ma
ya manta inda ya ajiye.
Ma'anarta: ka roƙi mutum
kana haɗa shi da Ubangijinsa.
Na ce, to, ashe su ma sun san wuya.

Da safe na karanta musu a gindin ɗorawa.
Iya Lanti ta karkato kunne, ta ce in sake.
Na sake.
Ta ce, "Tana da tsawo.
Amma tana da gwiwa?
Tamu tun daga zaure take cire takalmi,
ta kira sunan uwarka da na kakarka,
a kore ta, ta dawo bayan la'asar
ba ta jin kunya."

A Haɗeja akawu ya ɗora tabarau,
ya ja mata jan biro a ƙasa,
wai kuskuren rubutu ne, in je in gyara.
Ni da na koyar shekara talatin da ɗaya!
Ban buɗe baki ba
sai Tsalha ya kwance bakin buhu,
ya zube ruɓaɓɓen zangarnu a kan tebur,
warin ya cika ofis har baranda.
Ya durƙusa. Ya ce, "Na haɗa ka da Allah."
Akawu ya ajiye biro,
ya daɗe yana kallon taga.

Injin bai iso ba tukuna.
Muna shiga da lauje, ruwa iya wuya.
Kalmar tana aljihuna, ta jiƙe,
tawadar ta fara bin takarda.
Jiya na ji jikan Lanti yana kiran akuyarsa da ita,
kuma akuyar ta waiwaya.