Shafuka Arba'in da Bakwai

A Valparaiso, kan tudun da lif ke hawa yana kukan ƙarfe,
nan shagona yake, tsakanin mai burodi da mai gyaran takalma.
Ranar Talata, ruwan Yuli na tsugawa,
Eulalia ta shigo rungume da kwamfuta cikin tawul
kamar mai ɗauke da jinjiri mai zazzaɓi.

"Nauyi take yi," in ji ta.
"In na taɓa ta, sai na dafa shayi na dawo kafin ta amsa.
Fankarta kuma har tsakar dare nishi take."

Na buɗe. Gindinta da zafi kamar na tukunya.
Na leƙa ma'aunin ƙwaƙwalwa:
casa'in da shida cikin ɗari.
Babu masakar tsinke.

Na ce, "Yaushe rabon da a kashe ta?"
Ta dubi ruwan da ke bin gilashi.
"Wata goma sha ɗaya."

Baldomero ne ya bar ta a kunne.
Ya tashi sayo lemon tsami, ya ce yanzun nan,
zuciyarsa ta tsaya a matakala ta talatin.
Tun ranar take rufe murfin a hankali,
ta buɗe a hankali,
caja ba ta taɓa barin bango ba.

Shafuka arba'in da bakwai a saman allo,
sun matsu har sunayensu sun shige juna:
jadawalin jiragen da za su shigo tashar ruwa,
farashin shuɗin fenti,
yadda ake shuka tumatir a gwangwani,
wasan dara da aka bari ana tsaka,
da wasiƙa zuwa ga ƙaninsa a Punta Arenas
wadda ta tsaya a kan "Ka tuna ranar da".

Na ce, "Uwa, wuri biyu ne a cikin nan.
Akwai rumbu, akwai tafin hannu.
Abin da ke rumbu yana kwana lafiya ko an ɗauke wuta.
Waɗannan kuwa a hannu take riƙe da su,
wata goma sha ɗaya ba ta sauke ba.
Da wane hannun za ta karɓi naki?
Ina iya ƙara mata ƙwaƙwalwa, in karɓi kuɗinki,
kafin bazara ki sake hawo tudun nan."

Ba ta ce komai ba. Ta ja kujera.

Muka buɗe sabuwar jaka a rumbun,
ita ta raɗa mata suna, harafi ɗaya: B.
Kowane shafi mu adana adireshinsa, sannan ta rufe.
Jirage suka tafi. Tamanin da takwas.
Fenti, tumatir. Saba'in.
Na kori wasu manhajoji masu tashi da kansu da asuba
su zauna a lungu suna ci ba a gayyace su ba.
Hamsin da ɗaya.
Wasiƙar muka kwafe harafi da harafi,
ta hana ni sa mata aya.

Darar ce ta ƙarshe.
Yatsanta ya daɗe a sama kafin ya sauka.

Na nuna mata maɓallin. Ita ta danna.
Allo ya yi baƙi, fuskarta ta bayyana a ciki,
da tawa a bayanta, da ruwan sama.
Fanka ta ja numfashi ɗaya ta yi shiru.

Daƙiƙa goma sha biyu, haske ya dawo.
Ashirin da biyu cikin ɗari.
Ta taɓa, ta amsa nan take,
har ta janye hannu kamar an ba ta tsoro.

"To yanzu da me zan yi barci?" in ji ta.
"Na saba da nishin."

Wannan ba ya cikin abin da na koya.
Na ce ta riƙa kashe ta kowane dare, ko sau ɗaya a mako.

Ta naɗe tawul daban, ta sa kwamfuta a hammata.
A bakin ƙofa ta tambaye ni
ko mai lemon tsami na ƙasan matakala yana nan har yanzu.