Takardar Kulu

Takardar canjin aiki ta iske ni a Yawuri ran Talata,
sa hannu biyu da hatimi: Birnin Kebbi, ƙarshen wata.
Kulu ba ta ce uffan ba.
Ta yagi bayan littafin Nafi'u,
ta rubuta abu huɗu, ta ninke, ta cusa min a aljihu.

Arzika dillali ya goya ni a babur,
bakinsa ya fi injin gudu.
"Gesse za mu fara, Malam, can manya suke."
Gida kam ya amsa sunansa,
tayil har bayi, ƙofar ƙarfe kamar ta banki.
Da ya faɗi kuɗin shekara
sai albashina ya tsuguna gefe yana haki.
Na ce, tada babur. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na biyu yana bakin kwalta, ga araha har da ragi.
Na tsaya a ƙofa ina ƙirga tirela,
bakwai suka wuce kafin in shanye ruwan leda.
Murja watan jiya ta fara tafiya,
ba ta san birki ba, ba ta san bari ba.
Na buɗe takarda. Layin farko: ban da bakin titi.

Na uku ya sha sabon fenti, shuɗi shar,
amma gindin bango ya tona asiri,
ga zanen ruwa daidai gwiwata,
sa hannun daminar bara.
Arzika ya ce, "Ai ruwan ba ya kwana."
Na ce, ni ma ba zan kwana ba.

Da la'asar sakaliya muka kutsa wani lungu a Badariya.
Ciki biyu da falo, kwanon rufi ya ga shekaru,
dogonyaro a tsakar gida, rijiya da murfinta.
Na jefa guga, na kurɓa.
Ba gishiri, ba kanwa. Layi na biyu ya cika.
Na leƙa ta katanga, igiyar shanyar maƙwabta
ta ranƙwafa da kayan makaranta, ƙanana da manya,
ga yara suna dawowa daga Islamiyya da ƙafa,
suna gardamar ƙwallo, ba babba a bayansu.
Na uku ke nan.

Na huɗu ba aikin dillali ba ne:
ka koma da dare, kai kaɗai, ka saurara.

Na koma bayan lisha.
Janareto ɗaya can nesa, rediyon mai shayi,
sai wata murya ta ƙetare katanga: "Basiru!"
Wani gidan ya amsa, "Yana nan, ya ma ci tuwo."
Na daɗe tsaye a duhu da wannan amsa.

Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta haske ni da tocila.
"Kai ne mai son gidan Alhaji Maccido?
Ɗiya nawa gare ka? Kana kai dare a waje?
Matar taka tana gaida mutane?"
Na amsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman aiki.
Ashe ba ni kaɗai na zo duba ba,
shiyar ma tana duba wanda za ta ɗauka.
Ta ce, "Sunana Ige. In kun tare, a aiko min yaran in gan su."

Kuɗina sun gaza da dubu talatin.
Alhaji ya ce in cika bayan Sallah, ba komai.
Arzika ya karɓi la'adarsa yana ƙunƙuni.

Daga tasha na kira Kulu,
na karanta mata huɗun nan, kowanne da alamar biro.
Ta yi shiru. Ina jin Murja tana buga kwano.
Sannan ta ce, "Tagar kicin ɗin, ina take kallo?"

Ban duba ba.