Rajistar Alagbon

Da asuba muka kwaso su a Agege,
mutum goma sha tara a bayan mota.
Ni ke riƙe da rajista.
Suna, gari, takarda. Na gaba.

Ƙasa gida ce, na yarda,
kuma mai gida na da ikon tambayar
wa ke sallama a zaure.
Na taɓa zaro bindigogi daga ƙarƙashin buhunan albasa,
kada kowa ya koya mini amfanin shinge.

Sai ga na goma sha huɗu,
kurar ruwa ta bar masa kanta a tafin hannu.
Laminu, ya ce, daga Tasawa.
Ya ja harshe irin jan da kakata ke yi
in tana kiran awaki.
Takarda fa?
Ya miƙo katin asibitin 'yarsa,
naɗe cikin leda uku saboda ruwan Ikko.
Ranar Laraba za a ƙara mata jini.

Doka ta ce a mai da shi.
Ba ta ce ya tsuguna a rana ba.
Ba ta ce a lalube masa aljihu
a kwashe kuɗin jarka talatin na jiya ba.

Na tura masa kujerata,
na ba shi waya ya kira uwar yarinyar.
Oga ya leƙo: me ya tsai da layi?
Na ce biro ne ya ƙi.

Hatimi na hannuna har yanzu,
tawada tana bushewa a kansa.
Mutum biyar na jira a bayan Laminu.
Yau Litinin.