Ranar da Na Rushe wa Ɗan Tauri Gida

Ƙarfe shida na asuba na sauka daga aikin dare,
Sheffield na yayyafinta na kullum.
Na hau tudun Pitsmoor da jiƙaƙƙen takalmi,
ko riga ban cire ba na kunna fitilar tankin kifi.
Ga Shuɗi can sama a kusurwa, bayan bututun iska,
ya miƙe tsaye kamar wanda ake wa awon tsawo,
jelarsa ta zama tsumma.

A ƙasa Ɗan Tauri na sintiri.
Nasiba ce ta raɗa masa sunan.
Bai kai ɗan yatsana ba, rawaya kamar gwaiduwa,
dangin karfasa, wai daga tafkin Malawi kakanninsa suke.
Shi dai a Rotherham aka ƙyanƙyashe shi,
bai taɓa ganin tafki ba, amma ya san iyaka:
daga baƙin dutse zuwa fasasshiyar tukunya nasa ne,
wanda ya gifta ya sha cizo.

Na ƙara abinci, ko yunwa ce.
Ya ci nasa, ya ci na wasu, ya sami ƙarfin kora.
Na ƙwanƙwasa gilashi, na yi masa tsawa da Hausa,
ya dube ni da ido ɗaya, ya tofar da tsakuwa.

Ran Asabar na je wurin tsoho Holroyd mai shago,
wanda hannunsa ba ya bushewa.
Ya ce nawa ne a ciki? Na ce huɗu.
Ya ce huɗu ai gayyar faɗa ce.
Mai zafin kai in ya sami ɗaya sai ya ga bayansa,
in ya sami goma sha biyu sai ya rasa wa zai bi.
Ƙara su, ƙara matatar ruwa,
tara duwatsu har ido ya kasa cin tsawon tanki,
abin da bai gani ba, ba ya kora.
Kafin ka zuba baƙi kuma, rushe masa gida,
ka kashe fitila.

Na naɗe hannun riga na tsoma.
Baƙin dutse ya bar gabas ya koma yamma,
na kife tukunyar,
na cike ramin da ya kwana bakwai yana haƙa da baki.
Nasiba ta ce, Baba, wannan zalunci ne.
Ban tanka ba.
Na tuna ranar da jirgi ya sauke ni a Manchester,
akwati ɗaya, ba dutsen da na sani.
Wata shida ban ɗaga wa kowa murya ba.

Da safe ya fito yana lalube, baƙo cikin baƙi.
Kwana uku lafiya lau.
A na huɗu ya zaɓi sabon dutse,
sai dai yanzu in ya bi wannan, wancan ya gifta,
ya juya, ya sake juyawa,
ya gaji, ya koma tonon yashi.

Shuɗi bai shiga sulhun ba.
Yana ƙaramin tanki a kicin, gefen butar shayi,
jela na tohowa fari-fari a baki-baki.
Holroyd ya ce wasu ba sa zama tare
ko da ka kwaso duwatsun duniya.
Nasiba na so a mayar da shi cikin 'yan uwa,
ni dai ina canja masa ruwa, ina cewa sai wani mako.

Jiya maƙwabcina ya sake turo kwandon shararsa
taku ɗaya cikin ƙofata.
Na tsinci kaina a yayyafi, ƙarfe shida,
ina tura shi baya, ina huci.
Da na shigo, Ɗan Tauri na jikin gilashi
yana kallona, da tsakuwa a baki.