Ɗaya da Rabi

Daren jiya ƙasa ta daskare,
yau da hantsi ta saki jiki.
Haka bishiyar mafal take so:
sanyi ya matse ta, rana ta lallashe ta,
sannan ta zubo cikin bokiti,
ɗis, ɗis, ɗis,
daga bakin rafi har gangaren Saint-Éphrem.

Na tsoma ma'aunin gilashi a ruwan farko,
ya nutse, ya ƙi ɗagowa inda na saba gani.
Ɗaya da rabi cikin ɗari.
Na share ido da bayan safar hannu, na sake dubawa.
Ɗaya da rabi.

Babana Aurèle bai taɓa yarda da gilashi ba.
Yatsa yake tsomawa, ya lasa, ya lumshe ido,
ya ce biyu ne, ko biyu da ɗan ɗoriya,
ya zaro fensir daga bayan kunne
ya rubuta a jikin ƙofar bukka.
Shekara talatin da takwas suna nan a jere,
wasu sun karkace, wasu hayaƙi ya lashe.

Lissafin ba wuya, ko yaro ya iya:
raba tamanin da shida da abin da ka samu.
In biyu ne, lita arba'in da uku za ka tafasa
kafin ka ga lita guda ta maɗi.
Bana hamsin da bakwai.
Sha huɗun da suka ƙaru kuwa
da gatari ake biyan su,
da barci, da ƙashin baya.

Bashin bara ne ya biyo mu.
Tsutsa ta sauka a watan Yuni
ta bar dajin tsirara, rana tsaka kana ganin sama.
Zaƙin da ake sha a Maris
ganyen Yuli ne ya yi masa tanadi,
bana kuwa rumbun saiwa ya tashi fayau.

Sai guda ɗaya, can gefen gona,
mai faɗin kai, wadda ba ta da maƙwabciya.
Marowaciya Baba ke ce mata.
Rabin bokiti ta bayar yini guda,
amma gilashi ya miƙe tsaye a cikinsa: uku.
Ban zuba shi a tanki ba. Na tsaya nan na kurɓa.

Kullum da asuba nakan ɗebe ƙanƙarar saman bokiti in yar.
Ruwa ne zalla, zaƙi yana ƙasa, ya ƙi daskarewa.
Ko wannan dabarar bana ba ta kai mu ko'ina ba.

Daren sha ɗaya, ƙarfe uku, itace ya ƙare.
Kasko na huci, tururi ya cika rufi yana ɗigo mana a wuya,
kumfa ta fara ƙanƙancewa, launi ya fara juyawa,
saura ƙiris ya kai sittin da shida.
Ƙanena Gédéon ya dubi murhu,
ya dubi ƙofa.
Busasshen katako ce, ya ce, rabin awa za ta ba mu.

Ban amsa ba.
Na tashi daga kan bencin da muke zaune,
na ce shi ma ya tashi.
Baba ne ya sassaƙa shi, shi ma,
amma bai rubuta komai a kansa ba.
Sara huɗu. Wuta ta karɓa.

Gari na wayewa maɗi ya sauko daga ludayi
a shimfiɗe, kamar ba ya son rabuwa da shi.
Ya fi na kowace shekara duhu.
Gédéon ya lasa, ya yi shiru, ya ƙara lasa.

Muka kife bokitai biyu muka zauna.
Fensir na nan a saman taga, ya gajarce, ba tsini.
Na fere shi da wuƙar aljihu,
na nemi gurbi ƙarƙashin lambar Baba ta ƙarshe,
biyu da kwata,
na rubuta tawa.